Ɗamarar da Ka Yanke wa Lela

Alor Kecil,
ranar Lahadi, bayan la'asar.

Zuwa ga ƙanena Kasman, a Tawau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hamsia da yara. Allah ya tsare ka daga ƙayar kwakwar manja da macijin gona da bakin shugaban aiki, ya sa albarka a guminka, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Mu nan lafiya, sai godiya. Inna tana fama da gwiwarta, wadda ke tsananta ranar zuwa asibiti, ta lafa ranar da aka ce ana biki a Pura. Rufin kicin yana yoyo a inda ka bar shi yana yoyo. Ni kuma ina nan a makaranta, ina koya wa 'ya'yan mutane tarihin sarakunan da suka daɗe da mutuwa, su kuma suna yi mini hamma. Ruwan sanyin nan da ke tasowa daga ƙasan teku ya iso bana da ƙarfinsa. A makon da ya wuce kifaye suka sake suma don sanyi a bakin mashigi, gari duka ya fita da kwanduna da bokitai, har liman aka gani ya naɗe zaninsa zuwa cinya yana tsinta, yana cewa sadaka ce daga Allah, ba a ƙin ta.

Ka san ba al'adata ba ce in rubuta maka. Na rubuta ne don a waya ba ka sauraro. Kai kake magana, idan ka gama sai layi ya yanke, ko ka yanke shi ka ce layi ne. Takarda kuwa ba a katse ta. Zan ɗauki hoton shafukan nan in tura wa Hamsia, don su riga jirgi isowa, kuma na roƙe ta ta tsaya a kanka har ka kai ƙarshe.

Jiya da safe na raka 'yarka Lela Kalabahi, na sa ta a jirgin da zai bi ta Makassar ya kai ta Nunukan, daga nan ta ƙetara zuwa Tawau, kamar yadda ka yi umarni. Ta tafi da jaka ɗaya, da kwalin daddakakkiyar masara da kenari, ƙwayar itacen nan mai kama da gyaɗa, da Inna ta haɗa muku. Kayan nutsonta ta bar su a rataye a bayan ɗakina. Ka ce ta zo ta taya Hamsia sayar da abinci ga ma'aikata, tunda ta faɗi jarrabawar zama jagorar masu nutso, ta kuma nuna ba ta da zuciyar ruwa. Ina kusa da ita ranar da ka faɗa, wayar a buɗe take, Inna ma ta ji. Ka ce jininka ba ya tsoron teku, ba ka san inda ta samo nata ba. Na karanta littattafai da yawa, Kasman, na haɗu da ubanni iri-iri a cikinsu, amma ban tuna wanda ya yi ɓarna mai yawa haka da kalmomi kaɗan haka ba. Yarinyar nan ba matsoraciya ba ce. Ɗamarar goyon tukunyar iska da ka yanke mata ce ta kusa kashe ta, kuma ta gwammace ka kira ta matsoraciya da ka san haka.

Ka tuna ranar. Ana gab da tafiyarka ne, bayan likita ya ce kunnenka ya gama da ruwa, tsakiyar lokacin zafi, teku kamar shayin da ya huce. Ka fito da farantin ƙarfenka na baya, wanda ka yi shekaru kana goyon tukunya da shi, da sabon bel da ka sayo a Kupang. Ka tsayar da ita a tsakar gida cikin 'yar rigar nutsonta marar kauri, wadda ba ta fi ɓawon albasa ba. Ka zura bel ɗin ta ramukan farantin, ka bi da shi ta kafaɗunta, ka zagayo ƙugu, kana ja kana sassautawa har ya zauna mata kamar da shi aka haife ta. Aikin ya yi kyau, ba zan hana ka wannan ba. Sannan ka ɗauki almakashina na ɗinki ka datse duk abin da ya yi saura, ka ƙone bakin da laita don kada ya zare. Abokinka Yosef, wanda ya yarda zai ɗauke ta aiki a shagonsa na nutso, yana zaune yana shan kofi. Ya ce ka bar mata rara ko da taƙi ɗaya ne. Ka ce bel mai reto na 'yan koyo ne, da baƙin nan masu tumbi da ke zuwa da jirgin sama, ko kuwa Yosef yana auna kowa da nasa cikin ne? Aka yi dariya. Ka dafa kanta ka ce kada ta bari wani hannu ya taɓa wannan ɗamara, kamar dai tabarau ɗin Baba.

Na san daga inda ka ɗauko maganar. A gidanmu uba ne ke sassaƙa wa ɗansa tabarau na nutso da katako, ya auna fuskar da yatsunsa, ya liƙa gilashi, kuma ba wani da ke sake sa wa katakon nan wuƙa sai shi. Haka Baba ya yi maka, da shi ka fara sauka wurin tarkunan kifi, daga kai sai ɗan wando. Ka so ka yi wa 'yarka abin da aka yi maka, da kayan wannan zamani. Sai dai katako a kan fata yake zama, fata kuwa ba ta canja kauri tsakanin wata da wata. Ɗamara a kan riga take zama.

Kai ba ka taɓa sa riga mai kauri ba a rayuwarka, kai da sauran mazan unguwar nan da ke ganin rawar sanyi abin kunya ne, kuna fitowa daga ruwa da leɓe shuɗi kuna cewa yau ruwan da daɗi. Don haka ka yi haƙuri malama ta koya maka, tunda ni ce na zauna da Lela muna bin littattafan jarrabawarta, ina fassara mata Turancin, har na iya nutso a kan kujera fiye da wasunku a cikin teku. Riga mai kauri tana ƙara wa mutum jiki, a kafaɗa da ƙirji da ƙugu. Wanda zai sa ta dole ya saki bel ɗin kafaɗa, abin da zai saki kuma daga rarar ƙugu yake jawo shi, tunda bel ɗin guda ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Shi ya sa ake gwada ɗamara a kan rigar da ta fi kowace kauri, a bar rara, idan zafi ya dawo a ja, a soke sauran a gefe. Ma'aunin ba shi da wuya. Hannu ya iya shiga tsakanin bel da ƙirji, mutum ya iya cika huhunsa, ya iya zare kafaɗarsa ba tare da kokawa ba. Ɗamarar Lela ba ta da abin saki ko kaɗan. Lokacin zafi kaɗai ka ba ta, ka tafi da na sanyi a bakin almakashi.

Tun tafiyarka, duk lokacin da ruwan sanyi ya zo, da ɓawon albasar nan take shiga, don ita kaɗai ce rigar da ɗamarar ke karɓa. Lukas mai tuƙa jirgin Yosef yakan nuna ta wa baƙi yana cewa ga 'yar Kasman nan, sanyi ma gaishe ta yake yi ya wuce. Maza suna yaba ta a bakin teku. Ita kuwa sai ta dawo gida hannunta na rawa har ba ta iya riƙe kofi, ta zauna a rana kamar ƙadangare. Na ɗauka taurin kan gidanmu ne, na yi ta yi mata faɗa da shi ina dafa mata citta. Na ce mata babanta ya bar mata gadon girman kai, ta yi dariya ta ce ai Goggo ma ta samu kasonta. Ban tambaye ta abin da ya kamata in tambaya ba.

Ranar jarrabawa, matar da ta zo daga Bali don ta gwada su ta auna ruwan, ta ce ba wanda zai shiga sai da riga mai kauri, ita ba ta zo kallon jarumta ba. Yosef ya ara wa Lela tasa ta shago. Ta koma goshin jirgi, ta juya wa mutane baya, ta fitar da duk iskar da ke cikinta, ta tilasta wa maɗaurin ƙugu ya kama ɗan bakin bel ɗin nan da ka ƙone. Yosef ya gani. Ya matso ya ce mata a hankali ta ɗauki ɗamarar shago, ko ya zura mata sabon bel nan take, yana da naɗi guda a akwati. Ta ce babanta ne ya ɗaura. Yosef ba addininmu ɗaya ba, amma tare kuka taso, shi ma ubansa ya sassaƙa masa katako, ya san nauyin maganar, sai ya ƙyale ta. Tun daga ranar ya zo gidan nan ya fi sau ɗaya, ya zauna kofi ya huce a gabansa. Ya ce da ya sani da ya hana ta shiga, ko da za ta yi shekara ba ta gaishe shi ba.

Ga abin da kai ba za ka sani ba, tunda ba ka taɓa sa irin rigar ba. A can ƙasa nauyin ruwa yana matse ta har ta yi laushi, don haka da suka sauka ɗamarar ta sassauta, Lela ta samu numfashi, ta jagorance su yadda ya kamata. Matar da kanta ta ce ba ta ga wanda ya karanci jan ruwan mashigi kamar ita ba. Amma idan ana hawowa rigar tana sake kumbura. Gwajin ƙarshe kuwa a wuri marar zurfi ake yin sa: mutum ya durƙusa a kan yashi, ya cire kayansa duka, ya sake mayarwa. A lokacin hannuwanta sun riga sun mutu daga kafaɗa zuwa yatsu. Ta kwance ƙugu, ta tura gwiwar hannu ɗaya ta cikin bel, ta maƙale. Ba ta fita ba, ba ta koma ba. Tukunyar ta zame gefe, ta fizge mata bututun numfashi daga baki, hannun da zai kamo shi kuma yana ɗaure a jikinta kamar na kazar da za a yanka. Sai ta bugi yashi da ƙafa ta yi sama. Lukas ne ya jawo ta cikin jirgi, jini na fita ta hancinta. Kafin matar ta hawo, Lela ta riga ta sa an zare mata kayan, ta lulluɓe da tawul, ta kama hannun Yosef ta roƙe shi kada ya ambaci ɗamarar. Da aka tambaye ta abin da ya faru, ta ce tsoro ta ji. Haka aka rubuta, haka ta gaya maka, kai kuma ka karɓa da sauri kamar dama jira kake yi. A asibiti sun ce huhunta lafiya. Allah ne ya tsare, ba mu ba.

Ni ban gane ba sai ana jibi za ta tafi. Tana wanke kayan da ruwan rijiya don ta adana su, ta shanya rigar Yosef kusa da ɗamarar. Na fito da kwanon shinkafa, idona ya faɗa kan ƙonannen bakin bel ɗin nan, ya koma kan kaurin rigar, sai shafin da na fassara mata da bakina ya dawo mini. Na ce ta sa su in gani. Ta ce Goggo rana ta yi, kuma rigar a jiƙe take. Na yi mata muryar aji. Inna tana kan gadon gora tana fasa kenari, ta ce gara ki sa, wannan matar ko shugaban makaranta ba ya ja da ita. Ta sa. Na nemi in zura ɗan ƙaramin yatsana ƙarƙashin bel ɗin kafaɗa, ya ƙi. Na ce ta karanta mini Fatiha da ƙarfi. Ba ta kai rabi ba sai da ta tsaya neman numfashi, tana tsaye a kan busasshiyar ƙasa, a tsakar gidanmu, kaji na kiwo a gefenta.

Ba zan rubuta maka abin da na faɗa a kanka ba, don takardar za ta bi ta hannun matarka. Lela ta bari na gama, sannan ta ce: "Goggo, idan na ce ɗamarar ce, na ce Baba bai iya ba. A can kwakwar wasu yake sara, kowa na yi masa tsawa. Iyawar nan kaɗai ta rage masa. Ni ina da sauran shekaru, zan iya zama matsoraciya." Ka ji 'yar da ka ce ba ka san inda ta samo jininta ba.

Inna ba ta ɗaga kai daga kenarinta ba. Ta tambaye ni ko na tuna sau nawa Baba ya zauna da tabarau ɗinka da wuƙa. Na ce ban ƙirga ba. Ta ce kusan kowace shekara sai ya sake fafe shi, don kanka kamar kabewa yake girma, wani lokaci ma ya jefar ya sassaƙa sabo yana zaginka. Sannan ta ce: "Ba a hana gyara ba. Cewa aka yi uban ne zai gyara. Amma uban da ya auna, a gida yake zama." Ba don ta zarge ka ta faɗa ba. Ta san dalilin tafiyarka, mu duka mun sani, da abin da kake turowa muke sayen maganin gwiwar nan. Amma ka ɗauki rabin al'ada ka ɗaura wa yarinya a ƙirji, ka hau jirgi da ɗaya rabin.

Lela ta roƙe ni kada in gaya maka. Na ce mata ba zan yi mata alkawarin da na san zan karya ba. A tashar jirgi ta sake roƙo, a tsakiyar masu dako da masu tallar dafaffen ƙwai, na sake ce mata zan rubuta. Ta ce idan na rubuta na raba ta da ni. Ta sumbaci hannuna don ladabi, kamar yadda ake yi wa baƙuwa, ta hau. Na tsaya har jirgin ya fita daga bakin gaɓa, mutane cike a saman bene suna ɗaga hannu, ita ba ta fito ba. Ni na goye ta tun ranar da kuka fara barin ta a wurina, ni na koya mata karatu a kan cinyata. Wannan shi ne kuɗin takardar nan, Kasman, na kuma biya, don haka kada ka karanta ta da rabin ido.

Da na dawo gida na ɗauki almakashin, na je bayan ɗaki da niyyar in yi wa bel ɗin gunduwa-gunduwa, in kai wa Yosef farantin ya zura sabo. Na daɗe a tsaye. Ni da nake gaya wa ɗalibai kada su bi abu don kawai sun tarar ana yi, na kasa. Ashe ni ma 'yar gidan ce. Kuma ko na yanke ba abin da zai gyara, don ba za ta sa abin da wani hannu ya zura a bayan idonka ba. Yana nan a rataye yadda ka bar shi.

Yosef ya ce zai riƙe mata gurbinta har ƙarshen ruwan sanyi. Matar Bali za ta dawo kafin damina, kuma ta ce wanda ya faɗi gwaji ɗaya yana iya sakewa. Bayan haka zai ɗauki wani, yana da baƙi, ba zai jira mu mu gama rigimar gidanmu ba. Abin da nake nema a wurinka ba shi da yawa, amma na san zai yi maka nauyi fiye da buhun kwakwa. Idan ta iso, ka bar ta ta ci abinci ta huta. Sannan ka zaunar da ita, Hamsia tana wurin, tunda a gaban mutane ka yi waccan maganar. Ka ce mata ka yanke ya yi gajere. Ka ce mata ta zare shi ta zura sabo da hannunta, a kan riga mai kauri, ta bar rara yadda take so, kuma hannunta naka ne. Kada ka saya mata waya ko mayafi a maimakon haka, na san ka. Da bakinka za ka faɗa, sannan ka sa ta a jirgin da zai dawo.

Ba na tsoron ta yi maka gardama. Abin da nake tsoro shi ne ba za ta yi ba. Za ta ɗaura zani ta tsaya bayan tukunyar shinkafa, ta iya aikin fiye da kowa, ta yi wa ma'aikata murmushi, ba za ta taɓa ambaton teku ba. Kai kuma ka dube ta ka ce ai ka faɗa, dama ba ta da zuciyar ruwa, ku tsufa a haka kai da ita, kowa yana tausayin ɗan'uwansa a ɓoye. Na fi son ka yi fushi da ni har ƙarshen rayuwata da in ga wannan.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage taba, kuma kenarin na yara ne, ba na abokanka ba. Ka gaishe mini da Hamsia da kyau, Allah ya saka mata da haƙurin zama da kai. Ka shafa mini kan Sahril da Nining, ka ce wa Sahril Goggo ta ji labarin sakamakonsa na lissafi, za mu yi magana. Yosef yana gaisuwa, ya ce tumbin yana nan, naɗin bel ɗin ma yana nan. Lukas ya ce jirginsa ya yi shiru tun da Lela ta daina shiga. Kawu Dahlan da mutanen gidansa duk suna gaishe ku.

Lela kuma, ka ce mata Goggonta tana gaishe ta. Idan ta kawar da kai kada ka matsa mata, tana da gaskiya. Ni zan iya jira. Kai ne ba ka da lokaci.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Marwia